Kurakuran da ake tafkawa wajen sauya kayan sauti a mota

Yawancin motocin da sautinsu ya lalace bayan an sa musu sabon rediyo, laifin na haɗin waya ne, kayan lafiyarsu ƙalau. Mutum zai kashe kuɗi a Ƙofar Ruwa ya sayi rediyo mai Android, sannan ya miƙa wa yaron rewaya ya yanke wayoyin motar, ya murɗa, ya naɗe da salatif. A nemi soket ɗin da ya dace da motar, a jona ba tare da yanka ba. A bayan rediyon akwai waya rawaya mai ɗaukar wuta kullum daga batir, da ja wadda ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. In aka haɗa su duka a wutar dindindin, rediyon ba ya mutuwa, da safe sai turi. In kuma rawayar ce aka kai wa makulli, kullum agogo da tashoshi sai sun goge.

Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta fi komai haɗari. Dole a sa fis a kan wayar wutarta kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45. Wanda ya kai fis ɗin can but ɗin mota bai yi komai ba, domin in wayar ta goge a hanya ta taɓa bodi, gobara ce. Wayar kuma ta zama jan ƙarfe zalla mai kauri. Mai arhar nan alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, zafi take yi. Wayar "at", wato wadda ake ɗaurawa a bodin mota, a gajarce ta, a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure. Ƙugin nan da ke ƙaruwa in an taka totur, galibi daga nan yake, ko daga shimfiɗa wayoyin sauti gefe ɗaya da na wuta. A raba musu hanya.

Lambar da ke jikin kwali, wai wat 3000, ta talla ce. A duba RMS, shi ne abin da sifika ke ɗauka a kai a kai. Maɓallin gain na jikin amfilifaya kuma ba na ƙara murya ba ne, ƙure shi ke ƙona ufa, wato babbar sifikar nan mai dukan bas.

Masu Camry ko Sienna mai kayan sautin JBL su sani cewa akwai amfilifayar kamfani a ɓoye. In ba a sa adaftarta ba, allo zai kawo, sauti shiru. Maɓallan sitiyari ma suna da tasu adaftar.

Rediyon Android mai RAM 1GB kuwa a bar wa mai shago abinsa, taswira kaɗai sai ta maƙale shi. A tabbatar yana da CarPlay ko Android Auto na gaske, wato tsarin da ke haɗa wayar hannu da allon rediyo, a gwada da wayarka ta hannu a wurin. Wanda ya sayi tsohon rediyon da aka ƙera don kasuwar Japan, FM ɗinsa daga 76 zuwa 90 ya tsaya, ba zai kama tashar Freedom ta Kano a 99.5 ba sai an sa masa ƙaramar na'urar da ke faɗaɗa zango.