Yadda Ɗan Kasuwa a Legas Zai Auna Hanyoyin Sulhu Kafin Ya Zaɓi Ɗaya

Idan rikicin bashi ya shiga tsakanin dillalin albasa na Mile 12 da abokin cinikinsa na Kwatano ko Maraɗi, akwai hanyoyin sulhu da dama a gabansa, kuma kowace da dokar da ta tsaya a kai. Tambayar da ya kamata ya fara yi wa kowace hanya ita ce: idan ɗaya ɓangaren ya saɓa alkawari bayan an watse, wa zai tilasta masa cikawa?

A gaban Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa, ƙarfin sulhu yana cikin kunya da tsoron zubar mutunci, kuma hakan yana aiki sosai ga wanda rumfarsa take nan gobe da jibi, amma ba ya kama wanda ya kwashe kayansa ya tsallaka iyaka. Don haka a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Wanda ya fi natsuwa da malamai ya san Musulunci ya yabi sulhu a aya ta 128 ta Suratun Nisa'i, hadisi kuma ya gindaya sharaɗin kada ya halatta haram ko ya haramta halal, saboda haka ba za a sa riba a kan jinkirin biya ba. Sai dai Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano, shi ya sa takardar ke buƙatar goyon bayan kotun jiha.

Nan ne amfanin Kotu Mai Ƙofofi Da Yawa, wato LMDC, cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Legas wadda aka buɗe a 2002, domin da zarar alƙalin da aka keɓe ya rattaba hannu a kan yarjejeniya, ta zama hukuncin Babbar Kotu. Dokar tarayya ta 2023 kan sasanci da sulhu ta ƙara ba irin wannan yarjejeniya ƙarfi, kuma ta dakatar da ƙirgen wa'adin shigar da ƙara muddin ana kan teburin sulhu.

Idan dukiyar wanda ake bi tana Benin, Nijar, Chadi ko Kamaru, a duba dokar sulhu ta 2017 ta OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda ƙasashe 17 suke aiki da ita. A can ana kai yarjejeniyar wurin alƙali ya tabbatar da ita, kuma idan kwanakin aiki 15 suka wuce bai ce komai ba, doka ta ɗauka an tabbatar. A ganina wannan tanadi abin koyi ne, ganin yadda fayil ke daɗewa a kotunanmu. Yarjejeniyar Singapore ta 2019 kan aiwatar da sulhu a wata ƙasa, wadda Najeriya ta shiga, tana taimakawa a cinikin ƙasa da ƙasa kaɗai, ba ta shafi gado, aure ko albashin ma'aikaci ba, kuma sai ƙasar da za a karɓo kuɗin ita ma ta shiga.

A kuma tambaya ko abin da aka faɗa a zaman zai tsaya sirri. Dokar Najeriya da ta OHADA sun hana a kafa hujja da shi a kotu, alhali a zaman kasuwa kafin la'asar kowa ya ji adadin bashin. Sannan a bincika ko sulhun tilas ne, domin Italiya ta wajabta gwada shi a wasu ƙararraki tun dokarta ta 2010, a Legas ma Babbar Kotu tana tantance ƙara ta tura ta LMDC idan ta ga ta dace da sulhu.