Yadda za ki haɗa wa yara abincin darasin hutu a lokacin zafi

Hutun zango na biyu yakan faɗo cikin Afrilu, daidai lokacin da rana ke ƙwallewa a Zariya, zafi ya doshi digiri 40 da azahar. A irin wannan hutu ne ake tura yara darasin hutu, ko hadda, ko sansanin horo na 'yan agaji. Yaro ya bar Samaru ko Tudun Wada ƙarfe 7:30 na safe, ba zai buɗe abincinsa ba sai wajen ƙarfe 1. Awa 5 kenan da ɗoriya abincin na cikin jaka, jakar kuma tana aji mai rufin kwano.

Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a wannan tsakani ba, idan kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce kacal. Saboda haka abincin da zai kai azahar lafiya sai dai ya tafi da zafinsa tururi na tashi, ko da sanyinsa ƙarara, ko ya zama busasshe. Ɗumi-ɗumin nan da ake juyewa a robar take-awe, shi ne mai jawo amai da gudawa.

In mai zafi za ki ba shi, fara gwada kular kanta. Ki cika ta da tafasasshen ruwa, ki rufe, ki dawo bayan awa 5. In har za ki iya barin yatsa a cikin ruwan, wannan kula ba ta riƙe zafi, a bar ta wa cincin. Masu ƙarfe ciki da waje sun fi na roba, duk da sun fi tsada a kasuwar Sabon Gari. Kowace safiya ki zuba mata tafasasshen ruwa na minti 5 zuwa 10, ki zubar, sannan ki juye abincin kai tsaye daga kan wuta. Kula mai sanyin ciki tana shanye zafin abinci tun kafin yaro ya hau adaidaita. Ki cika ta taf, domin rabin kula ya fi saurin hucewa, shi ya sa ƙarama ta fi dacewa da yaro. Abinci mai ɗan romo, kamar faten dankali ko faten doya, ya fi busasshiyar taliya riƙe zafi.

Shinkafa tana da nata hali. Akwai wata ƙwayar cuta da kan kwanta a cikinta, dahuwa ba ta kashe ta gaba ɗaya. Da shinkafar ta huce ta zauna a ɗumi, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kawar da ita. Amai yakan fara cikin awa 1 zuwa 6. Don haka ragowar dafa-dukar da ta kwana a tukunya, ba a firji ba, kada ta shiga kular yaro komai yadda aka ɗumama ta. Kuma kada ki dogara da shinshinawa. Wake da alale su kam suna tona kansu, za ki ga yauƙi ki ji tsami, amma shinkafa tana iya fitowa fes alhali ta riga ta ɓaci. Alalen leda ma gara a bar shi sai ranar da yara ke gida.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne yanka kabeji da tumatir a saman shinkafa mai zafi, a tsiyaya bama, a rufe. Ganyen zai yi laushi ya saki ruwa, ya kuma sauke zafin abincin. In dole sai da haɗin, ya tafi a mazubinsa daban tare da ƙanƙara.

Na sanyi yana buƙatar jaka mai soso a ciki da ledar fiya-wata guda 2 da suka kwana suka daskare, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Ki naɗe su da tsaftataccen tawul saboda zufarsu kada ta jiƙa biredi. Kafin azahar sun narke, yaro ya samu ruwan sanyi. Nan ne wurin yogot, da yankakkiyar kankana, da dafaffen ƙwai. Ƙwan a dafa shi minti 10, a sanyaya, a bar shi da ɓawonsa. Lemo da ayaba kuwa ba ruwansu da ƙanƙara muddin ba a ɓare su ba.

To ranar da babu wuta fa? Zariya ce, an san halin. Ko ki sayi ƙanƙara da sassafe, ko ki koma ga busasshen abinci, wanda a ganina shi ya fi kwanciyar hankali a bazara. Ga yaro ɗan shekara 7 zuwa 10, yanka 3 na biredi da aka shafa wa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, cokali 3 na dambun nama wanda ya soyu rayau, dabino 4 da lemo 1 sun ishe shi har ya dawo. Ƙuli-ƙuli, alkaki da cincin duk suna jure zafi. Kilishi ma haka, sai dai yajinsa kan sa ƙishirwa. Ki duba gyaɗa da kyau, mai fumfuna ko ɗaci a zubar, kuma kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba ƙwayar gyaɗa gudun shaƙewa.

Abin sha ne ya fi yaudarar iyaye. Kunun aya ba ya jure zafi ko kaɗan, cikin 'yan awanni zai yi tsami, gorar ta kumbura. Kunun zaƙi da fura da nono suna bin bayansa. Zoɓo ya ɗan fi su juriya saboda tsaminsa, amma shi ma a daskarar da shi. Ruwa dai ruwa ne: lita 1 zuwa 1 da rabi ga wuni guda. Ki zuba rabin gora, ki kwantar da ita a firiza, da safe ki cika da ruwa. In kin cika ta taf kafin ta daskare, fashewa za ta yi, ko yaro ya tarar da dutsen ƙanƙara ya rasa abin kurɓa.

Ki gaya wa yaron ya ajiye jakarsa a ƙasa cikin inuwa, nesa da taga, kada ya riƙa buɗe kula yana leƙawa, ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya ci. Abin da ya dawo da shi na dafaffe, a zubar, kada a ce ƙaninsa ya ƙarasa. Da yamma ki cire robar da ke zagaye da murfin kular ki wanke ƙarƙashinta, nan ne miya ke maƙalewa ta yi baƙi, sannan ki kife komai a buɗe ya bushe.

In duk da haka ya dawo da amai ko gudawa, fara ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan ya kasa riƙe ruwa, ko idanunsa suka faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini a bayan gida, a wuce asibiti nan take.