Yadda ake nuna wa yara aikin maganaɗisu da kayan da ke cikin gida

Na sha ganin sababbin malamai a nan Jos suna shiga aji da maganaɗisu guda a aljihu, su ɗaga ƙusa da shi, su ce wa yara “maganaɗisu yana jan ƙarfe”, shi ke nan darasi ya ƙare. Kashegari yaro ya kara shi a jikin tukunyar alminiyam, ya ga ko gezau, sai ya daina yarda da malamin.

Da farko samo maganaɗisun kirki. Kada ka ɓata kuɗinka a kan na kanti. Je wurin masu gyaran rediyo ka nemi na tsohuwar lasifika, baƙin nan mai rami a tsakiya; kuɗinsa kaɗan ne, wani ma kyauta zai ba ka. Falle-fallen nan na ado da ake mannawa a firji kuwa, ajiye shi gefe. Kowane maganaɗisu yana da ɓangare biyu, ɗaya ana ce masa arewa ɗayan kudu; shi wannan an jera masa su layi-layi kusa da juna, ba zai yi maka aikin allura da ke tafe ba.

Sai ka zube kaya a faranti: kilif ɗin takarda, ƙusa, allura, wayar tagulla, gwangwanin madara, gwangwanin lemo, cokalin silba. Kafin a taɓa komai, kowane yaro ya faɗi abin da yake zato. Ni ban yarda a tsallake wannan ba. Za su ga kilif da ƙusa sun manne, tagulla da alminiyam sun ƙi. Baƙin ƙarfe da nikel da kobalt su ne manyan waɗanda yake kamawa. Zinariya da azurfa ba ruwansu. Cokalin silba wani ya kama wani ya ƙi, ya danganta da haɗin da aka yi masa. 'Yan gwangwan da haka suke tantance kaya kafin su ɗora a sikeli.

Ka ɗan tsaya a kan gwangwanin madara, don namu ne. Kuzar da aka daɗe ana haƙa a Filato tun farkon shekarun 1900, irinta ake shafa wa gwangwani don kada ya yi tsatsa. Ita kanta kuza maganaɗisu ba ya kama ta. Baƙin ƙarfen da ke ƙarƙashinta yake ja. Gwangwanin lemo kuwa alminiyam ne, shi ya sa ya ƙi.

Yanzu rataya kilif ɗaya a jikin maganaɗisun, ka kara na biyu a bakin na farko ba tare da ka sarƙa su ba, sannan na uku. Za su bi juna. A cikin ƙarfe akwai ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kowanne ɗan maganaɗisu ne, amma kowa ya fuskanci inda ya ga dama kamar jama'a a kasuwar Terminus, don haka ƙarfinsu yana kashe juna. Da babban ya matso sai su juya gefe guda, kilif ɗin da kansa ya zama maganaɗisu. Zare na sama a hankali, za ka ga na ƙasa sun fara zubewa.

Inda kusan kowa yake faɗuwa shi ne wajen mayar da allura maganaɗisu. Mutum ya kama allura ya yi ta gurzawa gaba da baya, minti biyu, ya gwada, babu komai, ya ce maganaɗisun jabu ne. Abin da ya jera da tafiya, shi ya warware da dawowa. Sa alli ka yi wa fuska ɗaya ta maganaɗisun alama, domin ɗaya fuskar arewa ce ɗayar kudu, kuma da mai allin kaɗai za ka yi aiki. Kwantar da allurar a kan katako, ka danne ta wajen kafa da yatsa. Ja daga kafa zuwa tsini. Da ka kai tsini, ɗaga hannunka sama sosai, kamar taƙi guda, ka zagayo ka sauka a kafa. Ɗagawar nan ita yara suke ragewa idan hannu ya gaji, sai ka tsaya a kansu. Sau 30 zuwa 50 ya isa. Allura na fi so a kan kilif, ƙarfenta ya fi tauri, ta fi riƙewa.

Wajen gwaji, kai babban maganaɗisun nesa, ka ɗauko sabon kilif da bai taɓa kusantarsa ba, in ba haka ba ba za ka san wa ke jan wani ba. Kada allurar ta faɗi a siminti, kada a kai ta wuta. Duka da zafi suna wargaza jerin.

Sauran mai sauƙi ne. Ɗora ta a busasshen ganye cikin kwanon roba mai ruwa, za ta juya ta tsaya arewa da kudu, ka sami kamfas, abin nan da ke nuna wa matafiyi inda arewa take. Kwanon ƙarfe zai ruɗa ta. Kuma ƙananan maganaɗisun nan masu sheƙi da ƙarfin tsiya, kada su shiga hannun ƙaramin yaro: in ya haɗiye biyu suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi, sai asibiti nan take.