Salfonik bai zama sabulu ba tukuna: kurakuran da masu haɗa sabulun ruwa suka fi yi

A ƙauyukanmu na wajen Ringim, sabulun ruwa ya zama sana'ar rufin asiri ga matan aure. Jarin kaɗan ne, a tsakar gida ake yi, yara su kai kasuwa ranar da take ci. Kayan haɗin kuwa yawanci daga Sabon Gari a Kano suke zuwa, a ƙulle cikin leda da tsofaffin goruna, direba ya sauke miki su kamar kayan miya. Na daɗe ina wannan sana'a, na kuma koya wa mata da dama, kuma maganar da na fi ji a bakinsu ita ce: "Ai sabulu ne, me zai yi?" Daga wannan maganar yawancin kurakuran suke tasowa.

Salfonik, wannan ruwa mai kauri da launin zuma, shi ne ƙashin bayan haɗin, shi da wasu sinadarai biyu masu kawo kumfa, tekzafon mai kauri da garin SLS. Aikinsu ɗaya: su sa ruwa ya kama maiƙo. Kowace ƙwayarsu gefe ɗaya na son ruwa, ɗayan na son mai, shi ya sa suke ɗago maiƙon kwano su tafi da shi. To fatar mutum ma akwai maiƙon da ke kare ta, kuma ba sa bambancewa. Ƙari a kan haka, salfonik da ake sayar mana asid ne mai ƙarfi, kusan tsantsa, kashi 90 zuwa 96 cikin 100. Sai an kashe kaifinsa da soda, sinadarin da ke kishiyar asid, yake zama abin wanki. Kafin nan yana ƙona fata, yana iya lalata ido.

Kuskure na farko shi ne cuɗa salfonik da tekzafon da hannu tsirara. Ni ma haka aka koya mini, wai hannu ya fi muciya murje gudaji. A makon farko ban ji komai ba sai ɗan zafi-zafi. Da hunturu ya shigo, tsakanin yatsuna ya tsattsage, gefen farce ya yi ja, ko alwala na zo yi sai na cije baki. Gyaran ba shi da tsada: safar hannu ta roba mai kauri wadda ta wuce wuyan hannu, da sanda mai tsawo da aka ware don wannan aikin kawai. Safar ulu ko ta yadi ta fi babu muni, domin tana shanye sinadarin ta riƙe shi a jikin fata. Leda da ake ɗaurawa kuma minti biyu ta huje. Idan sinadarin ya taɓa ki, ki cire zobe da awarwaro da duk tufar da ta jiƙe, ki yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15. Kada a shafa man kaɗe ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai.

Ido ya fi ba ni tsoro. Salfonik yana da danƙo, idan kina tsiyayo shi daga jarka yakan tsinke ya yi tsalle, kuma daidai lokacin fuskarki na saman bokiti. Tekzafon ma, duk da ba asid ba ne, a kaurinsa na kashi 70 cikin 100 yana yi wa ido mummunar illa. Tabarau mai rufe gefe, irin na masu aikin ƙarfe, kuɗinsa bai kai na litar turare ba. In tsautsayi ya faru, ki ɗauki buta da ruwa mai tsabta, a karkata kai yadda ruwan zai gangara daga wajen hanci zuwa kunne, kada ya shiga ɗaya idon, a buɗe fatar idon da yatsu ko da mutum na ihu, a zuba minti 15 zuwa 20 ba tsayawa. Buta ɗaya ba ta isa, wani ya riƙa cikowa. Bayan nan sai asibiti, ko da zafin ya lafa. Na san al'adarmu ta ɗiga nonon uwa ko sa kwalli ko ruwan sikari. Don Allah a bari. Kowane minti da aka ɓata ana neman mai shayarwa, sinadarin yana ci ne.

Sai awo, inda na fi so a tsaya a fahimta. Yawancinmu da gwangwanin madara muke aunawa, alhali gwangwanin soda mai ɓarzo da na mai ƙwaya ba nauyi ɗaya ba ne. A lissafi, kilo 1 na salfonik yana buƙatar kusan giram 130 na kostik soda kafin kaifinsa ya mutu, kuma in kin sa soda ash (wata soda dabam da ba ta kai kostik ƙarfi ba) a haɗin, ita ma tana kashe wani kaso, sai a rage kostik ɗin. Idan soda ta gaza, kin sayar wa mutane asid. Idan ta yi yawa, kin sayar musu abin da ke cin hannu, mai santsin da ba ya ɗaurayuwa. Wata da na koya wa ta zo ta ce, "Yaya, masu saye sun ce kumfa ya yi kaɗan, sai na ƙara salfonik rabin gora." Na ce, "Kin ƙara soda?" Ta yi shiru. Wannan bokitin da ta riga ta ɗura, sai da muka juye shi muka gyara. Kumfa ba shi ne wanki ba, kuma duk salfonik da aka ƙara yana zuwa da bashin sodarsa. Ki sayi ƙaramin sikeli da takardar gwajin pH, mai nuna ko asid ne ya yi yawa ko soda, masu sayar da sinadarai suna da ita. A tsoma bayan haɗin ya huce: tsakanin 7 da 8 ake nema. Masu ɗanɗanawa da harshe su ji ko ya yi, su daina.

Wajen jiƙa kostik, soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda. Tana ɗaukar zafi sosai har ta yi tartsatsi. Haɗuwarta da salfonik ma zafi take fitarwa, soda ash kuma tana sa haɗin ya kumburo, don haka bokiti kada ya wuce rabi. A bokitin roba mai kauri za a yi. Tukunyar dalma ko kwanon silba, soda na cin su tana fitar da iskar da ke kama wuta.

Garin SLS ba ya son iska. Ranar da buji ke kaɗawa, kina buɗe ledar zai tashi ya shiga hanci da maƙogwaro, ki kwana kina tari. A sa takunkumi, a juya wa iska baya, a zuba a hankali kusa da ruwan. Kuma a sauke goyo. Na sha ganin uwa ta sunkuya kan bokiti, kan jaririn na leƙowa ta kafaɗarta. Dogon hijabi ma a ɗaure shi, bakinsa na faɗawa ciki ba ki sani ba, sai ki share fuska da shi.

Akwai masu zuba ruwan bilic cikin haɗin wai don ya ƙara fari, ko su wanke masai da ragowar salfonik sannan su bi da bilic. Asid da bilic in sun haɗu iskar kulorin suke fitarwa, mai shaƙe numfashi, a ɗan banɗakin da ba taga kuwa tana iya kayar da mutum. In kin ji warin ya bugi ƙirjinki, fita waje tukuna, ki fitar da yara.

Ajiya ce kuskuren da ke taɓa waɗanda ba su ji ba su gani ba. Salfonik a gorar lemo kamar zuma yake, kostik kamar sikari, SLS mai tsinke kamar shinkafa. Yaro ɗan shekara biyu ba ya tambaya. Yaran da suka haɗiyi kostik, wasu maƙoshinsu ke tsukewa daga baya har ruwa ya gagara wucewa, a yi ta zaryar asibitin koyarwa. Kowane mazubi a rubuta sunansa, da boko ko da ajami, a rufe a akwati mai kwaɗo, nesa da madafa da randa. Muciya da mazubin awo kada su koma kicin har abada.

Idan yaro ya sha, abin da hannu ke fara kaiwa shi ne manja, ko a sa masa yatsa ya yi amai. Duka biyun ƙara ɓarna suke. Abin da ya ƙona maƙogwaro da zai sauka zai sake ƙona shi da zai hawo, kumfar kuma tana iya faɗawa huhu. Ba a ba shi tsamiya ko kanwa wai don a karya dafin, ba a kuma ɗura masa ruwa da yawa. A kurkure masa baki, a goge leɓe da ruwa, a ɗauki gorar da ya sha a tafi da ita babban asibiti mafi kusa nan take, ko da yana wasa kamar ba abin da ya same shi, domin ƙunar ciki ba lallai ta nuna a baki ba.

Ruwan wanke bokiti kuma kada a kwarara shi ta rariya zuwa kududdufi ko fadama. Waɗannan sinadarai guba ne ga kifi, kuma nan ne dabbobinmu ke shan ruwa. A haƙa ɗan rami nesa da rijiya, a sirka da ruwa mai yawa a zuba. Jarkar da ta ƙare a huda gindinta kafin a jefar, don na taɓa tarar da tawa a hannun wani yaro yana layin famfo da ita.