Babi na Huɗu: Takardar Ɗaukar Aiki

Darasi na 1: Kafin ka sa hannu

Ko gadi ka samu a unguwar Rayfield, ko gidan burodi a unguwar Nasarawa a nan Jos, Dokar Ƙwadago ta ce kafin wata 3 su wuce sai wanda ya ɗauke ka ya ba ka takarda. A cikinta ake rubuta sunanka, irin aikin, albashi, ranar biya da awoyin aiki.

To, ga inda kuke tuntuɓe. An miƙo takarda da biro, oga na tsaye a kanka, kunya ta kama ka, sai ka dangwala yatsa. Dakata. Ka ce: "Ranka ya daɗe, bari in kai gida a karanta mini." Wannan ba rashin ladabi ba ne.

A gida, nemi alamar ₦. Ɗora yatsa a kan lambar da ke gabanta, ka ƙirga sifili ɗaya bayan ɗaya. 70,000 sifili huɗu ne, 7,000 uku. Sake ƙirgawa. In ka rikice ba komai, kowa da haka ya fara. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi ₦70,000 ne, a wurin da ma'aikata suka kai 25.

An karanta maka? Ka gane? Sai ka sa hannu. Ba a karanta ba, kada ka sa. Takardar da babu rubutu a kanta kuwa, ko kusa. Bara wani dattijo a ajinmu ya dangwala a farar takarda, daga baya aka rubuta a samanta cewa shi ya ajiye aiki da kansa. Na ce, Baba, sau nawa na faɗa? Haba jama'a! A karanta tukuna, sannan hannu. Ka yi fotokwafi, ka sa a leda, ka ajiye a ƙasan akwati.

Darasi na 2: Sallama

Ana ba da notis. Aikin wata 3 ko ƙasa, kwana 1. Bai kai shekara 2 ba, mako 1. Shekara 2 zuwa 5, mako 2. Daga shekara 5, wata 1. Takardar sallama ma, a karanta maka tukuna.

Darasi na 3: Hutu

Bayan wata 12 kana aiki, hutun aƙalla kwana 6 daga ranakun aiki, da albashi.

Darasi na 4: Kai ƙara

Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In abin ya ƙi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a nan Jos. Tafi da ledarka.