Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Shiga Makarantar Koyon Kayan Fulawa

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne mutum ya biya kuɗin makaranta alhali bai taɓa yin ko da yini guda a kicin ɗin da ake gashi don sayarwa ba. Yin kek a gida ranar hutu, a yi a hankali a ci a yaba, ba shi ne sana'ar ba. A gidajen gashi da yawa aiki yana farawa tun ƙarfe uku ko huɗu na dare, a tsaye ake yin sa gaban tanda mai zafi, kuma abu guda ake maimaitawa sau ɗaruruwa, ana son na ƙarshe ya fito daidai da na farko. Gyaran wannan kuskure ba shi da wuya: mutum ya nemi wurin da za a ɗauke shi na wata biyu ko uku, ko da wanke kwanoni da auna fulawa kawai za a ba shi. A wannan zaman zai san ko ƙafafunsa da bayansa za su jure, zai kuma gane ko ƙurar fulawa tana taɓa masa numfashi, domin ciwon asma na cikin cututtukan da aka san suna kama masu wannan aiki.

Bayan wannan sai ruɗuwa da sunan makaranta. Suna yana da amfaninsa, ba a musu. An kafa Le Cordon Bleu a birnin Faris a 1895, Ferrandi kuma a 1920, kuma ambaton irin waɗannan sunaye yana iya buɗe wa ɗalibi ƙofa. Amma rassan Le Cordon Bleu na Amurka, waɗanda wani kamfani ke gudanarwa da izinin amfani da sunan, an sanar da rufe su a ƙarshen 2015, kuma zuwa 2017 duk sun rufe. Saboda haka abin da ya kamata a bincika shi ne reshen da za a zauna a ciki. A tambaya: awa nawa ne a mako ɗalibi yake kwaɓi da hannunsa, awa nawa kuma yake zaune yana kallon malami? Ɗalibai nawa ne a gaban malami ɗaya? Kowa yana da teburinsa, ko mutum huɗu ne suke rabon kwaɓi guda? Makarantar ce ke samar wa ɗalibi wurin gwajin aiki, ko shi zai nema da kansa?

Na nace a kan aikin hannu ne domin, a ganina, shi ne ainihin abin da ake biya wa kuɗi. Dubi kurwasan, burodin nan mai kamar jinjirin wata. Ana naɗe bota a cikin kwaɓi, a murza, a ninka gida uku, a mayar firji ya huta, a sake yin haka har sau uku, sai a sami shimfiɗar bota 27. Idan botar ta yi ɗumi sai ta shige cikin kwaɓin, a gasa ya fito kamar burodi na kullum. Idan ta yi sanyi da yawa sai ta kakkarye a ƙarƙashin abin murzawa. Haka cakulan baƙi yake: ana narkar da shi zuwa digiri 45 ko 50, a sauke shi zuwa 27 ko 28, a sake ɗaga shi zuwa 31 ko 32, sannan ya daskare da sheƙi ya karye ƙas. Waɗannan lambobi suna cikin kowane littafin sana'ar, amma sanin lokacin da bota ta kai laushin da ake so sai tafin hannu, bayan an ɓata kwaɓi da yawa a gaban malamin da zai nuna inda aka kuskure.

Wasu kuma ba su bambanta takardar da makaranta ke bayarwa da kanta da shaidar da gwamnati ta amince da ita. A Faransa, misali, akwai shaidar ƙasa da ake kira CAP, wadda matasa kan samu cikin shekara biyu suna raba lokacinsu tsakanin aji da wurin maigidan da ke koya musu, kuma ana biyan su albashi a tsawon wannan lokaci. Duk inda mutum yake son yin aiki, ya fara tambayar masu ɗaukar ma'aikata a can wace takarda suke dubawa. Wanda zai tafi wata ƙasa ya tabbatar da harshen da ake koyarwa da shi, da kuma ko bizarsa ta ba shi damar yin aiki.

Lissafin kuɗi ma ana yawan yin sa rabi. Ban da kuɗin makaranta akwai wuƙaƙe da kayan sawa da haya da abinci, ga watannin da za a yi babu abin shigowa. Wanda ya gama ba shugaban kicin yake zama ba; daga ƙasa yake farawa da ƙaramin albashi, don haka kafin a ci bashi a lissafa shekara nawa wannan albashin zai ɗauka kafin ya biya shi.

Akwai kuma masu shiga da ɗokin adon kek irin wanda suke gani a Instagram, sai su raina darussan farko na awo da tsafta da lissafin riba. Kofi guda na fulawa yana iya zama giram 120, yana iya kaiwa 150, gwargwadon yadda aka cika shi, shi ya sa masu sana'a suke aiki da sikeli. Wanda ke da niyyar buɗe nasa wurin ya duba jadawalin karatun tun kafin rajista, ya ga ko ana koyar da yadda ake lissafa abin da kek guda ya ci na bota da ƙwai da wuta da lokacin ma'aikaci. Idan babu wannan darasi, ya shirya neman sa a wani wuri kafin ya sa wa kayansa farashi.