Kafin ka sayi ƙaramar amfilifaya don sifikun gida

Jama'a masu tambaya kan ƙananan amfilifaya ɗin nan, kar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Ka ga an rubuta 1000W PMPO, wato ƙarfin da wai take kaiwa na ƙiftawar ido, a abin da bai fi tafin hannu ba, wallahi talla ce kawai, lambar RMS za ka nema, ita ke nuna ainihin ƙarfin da take iya riƙewa. Sannan ka juya bayan sifikarka ka duba ohm nawa ce (ma'aunin yadda sifika ke tare wuta), 4 ko 8, don mai 8 ba ta jan ƙarfi kamar mai 4.

Ni dai na fi son nau'in amfilifayar da ake kira Class D mai ɗan cif ɗin TPA3116 a ciki, ba ta zafi sosai ba ta shan wuta, kuma wat 50 kowane ɓangare, hagu da dama, ya ishi falo. Amma fa adaftar da ke ba ta wuta ita ce magana, in mai shago ya haɗa maka da 12V ƙarar ba za ta kai ba sai ka ga kamar amfilifayar ce ba ta da kyau, nemi 24V mai amfiya 4 ko 5.

In ka shiga Kasuwar Gumi ta Kaduna ka tafi da wayarka a gwada Bluetooth a gabanka, ka ƙure ƙara ba waƙa ka kasa kunne, in tana zuuu ka ajiye musu.